Wa Ke Kan Layi?

Saura kwana tara in nuna wa malamina furojet, wasiƙu suka daina tafiya. Ba kwamfutar ce ta lalace ba, ba kuma data ce ta ƙare ba. Manhajar tana tashi lafiya lau, ta rubuta cewa ta kama aiki, sannan ta yi zamanta kamar maigadi bayan sallar isha'i. Saƙo 11 na jere a folda suna jiran tafiya, ita kuwa ko yunƙurin kira ba ta yi. Kwana biyu ina wannan fama. Na goge ta na sake sakawa, na canza layin waya, har na fara tunanin ko in koma in yi manhajar lissafin kantin magani irin wadda rabin ajinmu ke yi. Ashe abin da ya tare hanya wani ɗan fayil ne da bai kai girman saƙon tes guda ba.

Kafin in zo kansa, bari in faɗi abin da nake haɗawa, don na san yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Ni ma sai a aji biyu na ji.

Tun intanet ba ta shiga gidajen mutane ba, akwai abin da ake kira BBS, wato allon sanarwa na kwamfuta. Mutum zai ajiye kwamfuta a ɗakinsa, ya jona mata modem da layin tarho. Kai kuma daga gidanka ka sa taka kwamfutar ta buga lambarsa, ka shiga ka karanta abin da wasu suka bari, ka bar naka, ka kashe waya wani ya samu shiga. Na farko shi ne wanda Ward Christensen da Randy Suess suka kunna a Chicago a watan Fabrairun 1978. Matsalarsa ɗaya: saƙonka yana nan a kan allon da ka rubuta shi, ba ya zuwa ko'ina. A 1984 Tom Jennings ya rubuta abin da ya sa alluna suka fara kiran junansu da dare, lokacin da kuɗin waya ke sauka, suna musayar wasiƙun da aka tara da rana. Wannan shi ne FidoNet. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 tashoshinta sun haura 30,000 a duniya.

Idan ka taɓa zuwa tashar Kazaure ka ba direban Kano saƙo, shi kuma ya miƙa wa wani direban da zai wuce gaba, to ka riga ka gane dabarar. Ba a buƙatar hanya ta kasance a buɗe kullum. A tara kaya, idan mota ta tashi a loda, a can a sauke. Kowace tasha tana da lambarta: shiyya, sai rukuni, sai lambar tashar. Arewacin Amurka shiyya ta 1, Turai ta 2, Afirka kuwa a da ita ce ta 5. Kuma akwai sa'a guda kowace rana da dokarsu ta ce kowace tasha ta rufe wa mutane ƙofa, ta bar layin don wasiƙu kawai.

Mu nan Afirka abin ya wuce wasan masu sha'awar kwamfuta. A ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Rhodes ta Afirka ta Kudu ta riƙa fitar da wasiƙunta zuwa duniya ta kwamfutar gidan Randy Bush a Portland, kuma da dabarar Fido aka fara. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar GreenNet da ke Landan ta buɗe mashigar da ke haɗa intanet da ƙananan tashoshin Fido a birane irin su Nairobi, Harare, Dakar da Addis Ababa. Sau ɗaya ko 'yan lokuta a rana a yi kira, a kwashe wasiƙu, a kashe. A Najeriya ma imel ɗin farko ta irin wannan hanya ta tara-ka-tura ya riƙa tafiya, kuma abin da zai ba ɗan foli daɗi, ɗaya daga cikin wuraren da aka fara shi ne Kwalejin Fasaha ta Yaba, a ƙarƙashin shirin RINAF na UNESCO wajen 1995. Ku tuna a lokacin layukan NITEL kaf ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, GSM kuwa sai a 2001 ta iso. Jiharmu kanta a 1991 aka ƙirƙire ta.

To ita manhajar da ke wannan kira da ɗauka, ita ce batunmu. Ba ita ke rubuta wasiƙa ba, ba ita ke karantawa ba. Ɗan aike ce zalla. A zamanin tarho akwai FrontDoor da BinkleyTerm, kuma duk wanda ya ga hotonsu zai lura rabin fuskar allon an ware shi ne don abu ɗaya: wa ke kan layi yanzu, wane fayil ke wucewa, nawa ya wuce, nawa ya rage, da gudu nawa. Ba don ado aka yi haka ba. Modem mai gudun 2,400 tana tura harafi kusan 240 a daƙiƙa, ke nan ƙunshin wasiƙu mai kilobayit 100 zai ci minti bakwai. Mai gudun 14,400 za ta gama shi a minti ɗaya da 'yan daƙiƙu. Idan layin ya yi ƙara gudun ya faɗi, kiran kuma na ƙasar waje ne, kowane minti kuɗi ne ke zuba. Ga shi layin ɗaya ne tak. Haɗin da ya maƙale bai katse ba ya cinye kuɗin ofis, ya kuma hana kowa shigowa har gari ya waye. Mai kula da tasha da bai iya karanta wannan allon ba, takardar bil ce za ta koya masa a ƙarshen wata.

Yau masu riƙe da FidoNet sun ragu ƙwarai, kuma ta intanet suke haɗuwa. A 1996 wani ɗan Rasha, Dima Maloff, ya fito da yarjejeniyar binkp da manhajarta binkd, wadda ke sauraro a ƙofa mai lamba 24554. Kyauta ce, ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma na ɗaukarta. Ita na zaɓa. Tunanina shi ne: akwai ƙauyuka a Gwiwa da Roni da Babura inda sabis ke zuwa ya tafi, inda malamin asibiti ko hedimasta zai cika fom a shafin intanet ya kai layin ƙarshe, sabis ya ɗauke, ya koma farko. Me zai hana ya rubuta rahotonsa a kwamfuta, ɗan aike ya jira duk lokacin da sabis ya leƙo ya tura, idan ya katse a tsakiya ya ci gaba daga inda ya tsaya? Wannan ci gaba daga inda aka tsaya yana cikin binkp tun asali, kamar yadda yake a Zmodem na zamanin tarho.

Tasha uku muka kafa, da lambobin gwaji da muka ba kanmu. Ta 1/1 tana kan wata saba da wani yayanmu mai aiki a Kano ya ara mana gurbi a cikinta. Ta 1/2 laftof ɗina ce a nan Kazaure. Ta 1/3 tana hannun abokin aikina, wanda ya koma gida Gwiwa jinyar mahaifiyarsa. Dole sai da saba a tsakiya, don layukan data na waya galibi ba sa ba ka adireshin da za a iya kiranka daga waje. Kai da dubban mutane kuke fita ta adireshi guda. Kai za ka iya kira, amma ba a iya kiranka. Saboda haka ni da shi duk mu ke kiran sabar, ita kuma ta riƙe wa kowa nasa har ya zo.

Yanzu ga yadda haɗi guda ke gudana, don sai ka san yadda lafiyayye yake kafin ka gane marar lafiya. Mai kira ya ƙwanƙwasa ƙofa ta 24554. Aka buɗe. Kowanne ya faɗi sunan tasharsa da irin manhajarsa, kamar sallama da gaisuwa. Kowanne ya faɗi lambarsa. Mai kira ya tabbatar da kalmar sirri, aka ce masa bismillah. Daga nan fayiloli su fara wucewa, ta ɓangare biyu a lokaci guda, kuma duk wanda aka karɓa cikakke sai mai karɓa ya ce ya samu, sannan ne mai turawa zai cire shi daga layin jira. Kowa ya ce nawa sun ƙare, sai a rufe. Tsakaninmu da sabar duk wannan ba ya wuce 'yan daƙiƙu idan sabis na da kyau.

Akwai mataki ɗaya da ban ambata ba, kuma shi ne ya kwana biyu yana wahalar da ni. Da zarar an san da wa ake magana, manhajar tana ajiye ɗan fayil a foldar fita, sunansa lambar waccan tashar, ƙarshensa .bsy. Ma'anarsa: ina tare da wannan, kada kowa ya taɓa kayansa. Idan an gama sai ta goge shi. Duk wanda ya zauna a hostel ya san wannan dabara, bokiti ne a layin famfo. Mai shi ba ya nan, amma bokitin na cewa wurin da mai shi. Amfaninsa babba ne, don in babu shi, ɗan aike na tsakiyar tura ƙunshi, manhajar da ke ɗaure wasiƙu za ta iya buɗe ƙunshin ta ƙara wani abu, ko kira biyu su ɗauki kaya ɗaya.

To batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, a jikin soket take rayuwa. Ran nan ana tsakiyar haɗi aka ɗauke wuta, ta mutu nan take. Manhajar ba ta samu damar ɗauke bokitinta ba. Da wuta ta dawo na kunna, sai ta leƙa folda ta ga 00010001.bsy, ta ce a'a, ai ana tare da saba yanzu haka, bari in jira a gama. Take jiran kanta. Wallahi da na gano, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Na goge fayil ɗin, kafin in ɗauke hannu daga kan madannai saƙo 11 sun tafi. Akwai layi guda a saitin binkd, kill-old-bsy, da ke share tutar da ta wuce wani adadin lokaci. Da hannu na rubuta saitina, na tsallake shi don ban san amfaninsa ba.

Daga ranar na daina yarda da shaida ɗaya. Ita binkd ba ta da allo mai launi irin na FrontDoor. Layuka take rubutawa a rajistarta, shi ke nan. Don haka idan ina son sanin wa ke kan layi da gaske, wuri uku nake dubawa. Rajista, ta gaya mini abin da manhajar ta yi na ƙarshe da ƙarfe nawa. Folda, ta nuna mini tutocin da ke tsaye. Sai ita kanta kwamfutar, wadda ke riƙe da jerin duk haɗin da ke buɗe: a Windows ka rubuta netstat -an, a Linux ss -tn, ka nemi layin da ke da 24554. Idan ukun sun yi magana ɗaya, lafiya. Inda suka saɓa, nan cutar take. A matsalata ta farko, tuta na tsaye, rajista ta yanke a tsakiyar fayil tun shekaranjiya, netstat kuwa bai nuna komai ba. Da na san in duba haka, minti biyu ya ishe ni.

Matsala ta biyu ta fi wannan daɗin labari, kuma ita ce ta sa na ga ya kamata in rubuto wa mujallar nan. Abokina ya kira ni daga Gwiwa da daddare, ransa a ɓace.

"Malam, sabar nan taka ta ce wai ina kan layi."

"To ba kana kai ba?"

"Ina fa! Yanzu na hawo tudu na samu sabis. Ina kira tana korata, wai lambata na cikin wani haɗin."

Na shiga sabar. Tutarsa na tsaye. Na duba jerin haɗi, ga shi nan ɓaro-ɓaro an rubuta ESTAB, wato haɗi ya ƙullu. Shaidu biyu sun ce yana nan. Rajista ce kaɗai ta tona: rabon da ko bayit ɗaya ya shigo daga wurinsa an yi mintuna. Abin da ya faru, ya fara tura fayil a ƙofar gida, sabis ya ɗauke. Wayarsa ta san ta faɗi, amma ba ta da hanyar gaya wa sabar. A tsarin TCP, haɗi ba igiya ba ce da za a ga ta tsinke. Yarjejeniya ce kawai da kowane ɓangare ya rubuta a littafinsa, kuma ba a soke ta sai ɗaya ya aiko da sallama, ko an aika masa abu an ji shiru har an gaji. Sabar karɓa take yi, ba ta da abin aikawa, don haka ta zauna tana jiran ragowar fayil daga mutumin da ya riga ya tafi. Da ya hau tudu ya sake kira, sai ya tarar da fatalwarsa ta riga shi zama a kujera.

Wannan shi ake kira haɗi rabi-buɗe, kuma ba laifin binkd ba ne, duk abin da ke tafiya a kan TCP yana iya faɗa masa. Linux na da dabarar taɓa ɗaya ɓangaren ta ji ko yana numfashi, amma a saitinta na asali sai an yi shiru na daƙiƙa 7,200, awa biyu cur, kafin ta fara, shi ma sai manhajar ta nema. Waɗanda suka sa wannan adadi ba su yi lissafi da mutumin da ke tsaye a kan tudu da ragowar caji kashi 9 ba. Maganin yana cikin saitin manhajar: wa'adin shiru, wato idan an yi daƙiƙa kaza ba a ji komai ba, a rufe a sauke tuta. Ni da kaina na tsawaita shi tun farko, wai don in tausaya wa mai raunin sabis. Ashe tausayin ne ya rufe masa ƙofa.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce to a gajarta shi iyaka. Na gwada, na mai da shi daƙiƙa 20. Sai ya zamana duk ɗan numfashin da sabis ya yi, sabar ta yanke haɗin da ke da rai, a sake sallama, a sake kalmar sirri, data na tafiya a gaisuwa. A ƙarshe muka tsaya a minti biyu, ba don wani littafi ya faɗa ba, sai don mun zauna da rajistar mako guda mun ga tsawon shirun da sabis ɗin unguwarsu ke yi ya dawo, da wanda idan ya yi ba ya dawowa. Wanda zai kafa irin wannan a Babura sai ya auna nasa.

Kuskure na uku nawa ne ni kaɗai, kuma na fi jin kunyarsa. Bayan na ƙware a goge tuta, sai hannuna ya saba. Wata rana na ga tutar abokina ta daɗe a tsaye, ban duba komai ba na share ta. Ashe yana nan da ransa, hoton takarda yake saukewa a hankali, kamar ɗigon famfon hostel da azahar. Ina sauke tutar, manhajar ɗaure wasiƙu ta ga hanya a buɗe ta taɓa ƙunshin da ke kan tafiya. Abin da ya isa Gwiwa ya ƙi buɗuwa, sai da muka sake turawa, da datarsa. Haɗi mai tafiyar hawainiya da mataccen haɗi kamarsu ɗaya idan kallo ɗaya ka yi musu. Bambancin sai ka duba sau biyu: ka ga adadin bayit yanzu, ka ƙirga talatin, ka sake gani. In ya motsa ko da kaɗan ne, cire hannunka.

Akwai kuma baƙin da ba a gayyata ba. Duk sabar da ke da adireshi a fili, cikin sa'o'i kaɗan za ka ga adireshi daga ƙasashen da ba ka san kowa ba suna ƙwanƙwasa ƙofofinta, musamman ta 22 da ta 23. Ba mutane ba ne, manhajoji ne ke zagaye suna gwada kalmomin sirri. A tamu ƙofar ba su cika zuwa ba, amma idan sun zo alamarsu a bayyane take: haɗi a buɗe, babu tuta, babu lambar tasha a rajista. Tunda binkd na da iyakar haɗin da za ta karɓa a lokaci guda, irin waɗannan in sun taru suna iya cike gurbin masu gida.

Na san wani zai ce, to mu da za mu fita neman aiki bana, ina ruwanmu da manhajar da ta girme mu? Ni dai a inda na yi SIWES, wata cibiyar kwamfuta ce da ke sayar da intanet da tikiti. Kusan kullum sai an yi rigima da kwastoma: ya sayi awa ɗaya, wayarsa ta mutu ko ya fita ya dawo, rawuta ta ce tikitinsa na kan aiki a wata na'urar. Abin da muke yi a lokacin shi ne mu kashe rawutar mu kunna, mu kori mutum ashirin saboda mutum ɗaya, har da mai tsakiyar cike fom ɗin da ya biya kuɗi. Babu wanda ya nuna mana cewa akwai shafin da ke jera masu haɗi, da lokacin da kowanne ya yi shiru, da maɓallin cire mutum ɗaya. Fatalwar Gwiwa ce dai, ta canza riga. Haka mai POS da ke kallon na'ura tana juyawa bai san ko kuɗin ya fita ba, haka mai kula da ɗakin jarrabawar kwamfuta da ɗalibi zai ce masa an fitar da shi kuma an hana shi komawa. A aji an koya mana zane-zanen matakai bakwai na sadarwa har mun haddace don jarrabawa, amma ban tuna ranar da aka ce mu buɗe netstat mu kalli namu haɗin ba. Da za a ji tawa, da an ware lakca guda a ɗakin gwaji don wannan kaɗai: a haɗa kwamfuta biyu, a fara tura babban fayil, malam ya zare waya daga bayan ɗaya, kowa ya zuba ido ya ga minti nawa ɗayar za ta yi tana rantsuwa cewa abokiyarta na nan.

A furojet ɗin dai na ƙara ɗan shafi guda da ban yi niyyarsa da farko ba. Yana karanta wuraren nan uku duk bayan daƙiƙa goma, ya jera kowace tasha a layi: tuta na nan ko babu, haɗi na nan ko babu, yaushe bayit na ƙarshe ya wuce. Idan ukun suka saɓa sai layin ya koma ja. Ba ya goge komai da kansa, na bar wannan ga mutum. Malamina da ya gani bai ce komai a kan sauran shafi arba'in ɗin ba, sai ya miƙa hannu ya zare cajar laftof ɗin daga soket, ya ce in kunna mu gani. Ta ɗauki minti huɗu kafin ta tashi. Layin 1/1 ya fito ja.